Alli a Kunun Baba

Litinin, 4 ga Yuli, 1977

Na iso Mabai a sabuwar fijon Kawu Gide. Baba na kwance a ɗaki, hannun dama ya shanye, baki ya karkace. Ya gane ni, amma maganar ta ƙi fitowa. Duk gidan ana ce mini likita, ni da na faɗi jarrabawar ilimin jijiyoyi, zan sake ta a Zariya farkon Agusta. Inna ta tare ni a madafi: "Kai da ka karanta, bakin nan shina dawowa?" Na ce sai abin da Allah ya yi. Kunya ta kama ni.

Alhamis, 7 ga Yuli

Na rubuta karatun jarrabawar a nan da Hausa ko zai zauna mini a ka. Jijiyoyi biyu ba sa taɓa juna, akwai ɗan rata tsakaninsu. In saƙo ya iso bakin ta farko, sai kalsiyam ya shigo daga waje, ya sa wasu 'yan jakunkuna su zubar da sinadarin da zai tsallaka. In saƙo na biyu ya biyo baya da sauri, kalsiyam na farko bai gama fita ba, sai a haɗu da ragowar, tsallakawar ta fi ƙarfi. To, na ji. Amma shafi na gaba ya ce in aka yawaita, jakunkunan kan ƙare, saƙon ya raunana. Maimaici na ƙarfafawa, maimaici na gajiyarwa. Wanne zan kama?

Asabar, 9 ga Yuli

Duk a jikin kwaɗo aka gwada wannan. Baba ba kwaɗo ba ne.

Talata, 12 ga Yuli

Inna ta same ni da littafi ta ce mi ya ce. Na yi ta kame-kame. Ta ce wannan kalsiyam ɗin mi ne ne da Hausa, na ce irin abin da ke cikin ƙashi ne da alli. Ta gyaɗa kai ta tafi.

Na fara zama da Baba bayan la'asar. In ce "ruwa", ya gwada. Na farko iska kawai. In na bi da na biyu nan take, wani lokaci "wa" ta fito. In na matsa, sai komai ya tsaya, ya rufe ido.

Lahadi, 17 ga Yuli

Kunun Baba na ƙasa-ƙasa a harshe. Ashe Inna ta karɓo alli a wurin malamin firamare, tana dakawa tana zubawa tun ranar Laraba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce kalsiyam bai ƙare a jikinsa ba, shigarsa bakin jijiya a kan lokaci ita ce maganar. Ta ce, "To kai ka shigar mashi da shi mana." Raina ya ɓaci, kuma ba ita ta ɓata shi ba.

Laraba, 20 ga Yuli

Ya ce "ruwa" cikakkiya. Inna ta ce alli ne, Kawu ya ce rubutun da ake ba shi ne. Ni na so in ce ragowar kalsiyam, sai na tuna ita ko daƙiƙa ba ta cika yi ba ta watse. Yaya abin da ke gushewa kafin ƙiftawar ido zai bar kalma har gobe? Malaminmu ya taɓa cewa an ga ƙarfin ya daɗe awanni a ƙwaƙwalwar zomo, kuma ba wanda ya san dalili tukuna. Na ji sanyi da ba ni kaɗai ba ne.

Lahadi, 24 ga Yuli

Sunayen yaran gida muke yi yanzu. Sunan Asma'u ya fito, na Mani na nan yana zuwa. Nawa ban sa a ciki ba. Ni ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, "kai, yaron nan" ne ko ya aiko ƙanena.

Na ga alli a ƙarƙashin faifai. Na yi kamar ban gani ba.

Juma'a, 29 ga Yuli

Kawu na ta danna odar mota a ƙofar gida, zai mai da ni Zariya. Na durƙusa yi wa Baba sallama, ya riƙe rigata da hagu, leɓensa na rawa. Sai ya ce, "Lawwali."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu da ya leƙo ya ce ciwon nan ya ɗauke mashi kunya, Allah ya sawwaƙe. Gabana ya faɗi, don in haka ne, wani abu na Baba ya tafi ke nan. Duk da haka na matso na ce ya sake faɗa da sauri, kafin ragowar ta watse.

Ya dube ni sosai. Bakin ya shirya, na ga harshen ya tashi. Sai ya kau da kai wajen bango, kamar yadda yakan yi in baƙo ya tambaye shi ina babban ɗansa, ya yi mini alama da hannu in tafi.

Ban san abin da zan rubuta musu a Zariya ba. Har muka wuce Sheme ina ta jan hanci. Kawu ya ce mura nake yi, na ce e.