Yadda Yaran Ƙofar Wambai Suka Sami Hanya

Ƙofar Wambai, Bauchi
9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Fati,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Zariya. Innarki tana gaishe ki. Kin san kunnena ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba direban tasha wannan takarda.

Ranar Talata da safe wani abu ya faru a gaban rumfata, har yau bai bar raina ba. Kin tuna Obiageli mai shagon yadi a Gwallaga? 'Yarta Christiana, mai shekara goma sha biyu, da keke take zuwa makaranta, ni nake yi mata faci. Tana tafe a gefen titi sai ta tarar da mota a fake, ga kwata a buɗe a damanta. Ta ɗan karkato cikin titi, napep ya kwashe ta. Ƙafarta ta karye wuri biyu. Mai napep ɗin bai gudu ba, shi ya kai ta asibiti.

Yaro na huɗu ke nan da aka kaɗe a wannan zangon karatu. Iyaye sun fara jingine kekunan yara a zaure, wasu yaran ma sun daina zuwa makaranta. Shekara talatin ina gyaran keke a bakin titin nan, ban taɓa ganin ya lalace haka ba. Ke da kike karatun tsara birane, ashe abin nan ba shi da magani?

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Ɗanlarai

Zariya
13 ga Oktoba

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, da Inna da duk mutanen gida.

Baba, Inna ta faɗa mini a waya. Me ya sa ka rubuta "mai napep ɗin" kamar wani baƙo, alhali Yaya Abdulsalam ne? Sai da na yi kuka. Ta ce tun ranar bai sake taɓa napep ba, abinci ma sai an matsa masa.

Magani akwai shi. A rufe kwatar da sumunti ta zama hanyar masu ƙafa, a ware wa keke layinsa da shinge, a yi wurin tsallakawa da tudun rage gudu a bakin makaranta. Amma wannan aikin gwamnati ne, kuma in ba a saka shi cikin kasafin kuɗin baɗi ba, zance kawai za a yi ta yi. A watan Disamba kwamitin majalisar dokoki zai zauna jin ra'ayin jama'a. Kafin nan ka riƙa ƙirga yaran da suke wucewa kowace safiya, masu ƙafa daban, masu keke daban, ka rubuta.

Sai dai kafin komai, ka ɗauki Yaya ku je wurin Maman Christiana. Don Allah, Baba.

'Yarka,
Fati

Ƙofar Wambai
2 ga Nuwamba

'Yata Fati,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin yi gaskiya, kunya ce ta hana hannuna rubuta sunan ɗana.

Mun je asibiti. Abdulsalam ya durƙusa a gaban gadon Christiana. Obiageli ta dube shi ta ce, "Tashi. 'Yan'uwana sun ce in sa a rufe ka. In an rufe ka, gobe wani yaro ba zai faɗi a wurin ba?" Ta juyo gare ni ta ce, "Baba mai keke, ni hanya nake so. Ka san wanda zai ba mu hanya?" Na ciro wasiƙarki na karanta mata.

Kusan mako uku ke nan muna aiki tare. Na ƙirga yara ɗari bakwai da 'yan kai a safiya ɗaya, daga ƙarfe bakwai zuwa takwas. Ni kaina ban san sun kai haka ba. Ran Juma'a ina tsayawa bakin masallaci da takardar sa hannu, ita kuma ran Lahadi ta kai ta coci. Matan gida da ba su rubutu suna dangwala yatsa.

Wani jami'i da muka kai wa koke ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, a zamanin nan wa yake kashe kuɗin gwamnati a kan keke?" Na dawo jikina a sanyaye. Ki zo ki yi mana magana a gaban kwamitin, ke ce kika iya Turanci.

Mahaifinki

Zariya
20 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Ga zanen hanyar nan na haɗo, malamina ya duba ya gyara. Amma ranar zaman ta faɗo daidai da jarrabawata ta ƙarshe, ba zan iya zuwa ba.

Kai za ka yi magana, kuma da Hausa. Ni zane kawai na sani. Kai ne ka ɗaga yarinyar nan daga kan kwalta. Ka faɗa musu abin da ka gani, kada ka ƙara kome.

Ina yi maka addu'a.
Fati

Ƙofar Wambai
11 ga Disamba

'Yata Fati,

Assalamu alaikum. Zauna da kyau kafin ki karanta.

Ba mu hau mota ba. Da ƙafa muka tafi majalisa, iyaye da malamai da yara cikin kayan makaranta, masu keke suna tura kekunansu, Christiana a gaba da sandunanta biyu. Kafin mu bar Gwallaga mutanen da suka bi mu sun ninka waɗanda muka fito da su.

Da aka kira sunana, na tashi. Na miƙa zanenki, na faɗi lissafin yara, na ba da labarin safiyar Talata. Ina zama sai wani mai magana da yawun masu napep ya miƙe, ya ce in aka rage faɗin titi an taɓa abincinsu, ba za su yarda ba. Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Na ce a raina shi ke nan, ta rushe.

Sai na ji murya daga baya: "Ranka ya daɗe, ni na kaɗe ta." Abdulsalam ne, ban ma san ya biyo mu ba. Ya ce, "Ba gudu nake yi ba, kuma na taka birki. Ba ta da wurin bi, ni ma ba ni da wurin kaucewa. 'Yan'uwana direbobi, wallahi gara in yi ta jira a layi kowace safiya da in sake jin ƙarar da na ji ranar." Mai adawar nan ya sunkuyar da kai ya zauna.

Shugaban kwamiti ya tambayi Christiana abin da take so. Ta ce, "In na warke, in hau kekena Mama ba ta tsaya a bakin shago tana leƙe ba."

Fati, sun karɓa! Jiya aka aiko mana da takarda mai hatimi: an saka aikin cikin kasafin baɗi, kuma ba titinmu kaɗai ba, har da hanyar makarantu biyu a Ƙofar Ran. Obiageli ta rufe shago ta zo gidanmu, ita da Innarki suka yi ta guɗa har maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu. Yayanki ya ci tuwo malmala uku.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'ar jarrabawa.
Mahaifinki

Ƙofar Wambai
6 ga Afrilu

'Yata Fati,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana jira.

Masu awon hanya sun zo da igiya da jan fenti, katafila tana tsaye a bakin Ƙofar Wambai. Da suka ja layin hanyar, sai ya ratsa ta tsakiyar rumfata. Injiniyan ya yi ta sosa ƙeya, ya ce za su duba ko za a iya kauce mini. Na ce kada wanda ya lanƙwasa hanyar yara saboda ni. Na ari guduma, na kwance kwanon da hannuna, maƙwabta na gani. Kafin la'asar masu tebur bakwai sun ja nasu baya ba tare da an ce musu kome ba.

Ki zo hutu ki gani da idonki.

Mahaifinki,
Ɗanlarai