Yaro Ɗaya, Tukunya Uku

Malama Hidaya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya fi ƙarfin bakina.

Ni dai alhamdu lillahi, zamana lafiya lau a Dogon Dutsi. Mijina ɗan kasuwa ne, uwarsa kuma, Inna, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Damuwata ɗana. Shekararsa takwas, sunan marigayi kakansa ya ci, shi ya sa Inna take kiransa maigidanta, kuma ba ta yarda maigida ya kwana da sauran wuri a ciki. Ya ci tuwo wurinta, ya leƙa gwaggonsa Kubra ta zuba masa shinkafa, ya dawo ya tarar da nawa. Tukunya uku kullum! Wandon lakkwal, wato makarantar boko, ya daina shigarsa. Ran nan muka je biki Dumega, yara suka ruga, shi ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki. Likita ta ce nauyinsa ya wuce kima, wai abin yana ta yawaita ga yaran Afirka, kuma yana jawo ciwon sukari. Inna dariya ta yi. Ta binne 'ya'ya biyu a shekarar yunwa, ƙiba a wurinta lafiya ce. Ga shi ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in yi magana a kansa gaban surukata. Iyakata in faki ido in cusa masa biskit da yawur, nonon kanti mai zaƙi, a jaka, ya san ina sonsa. Wallahi ina jin tsoro.

Uwar Maigida, Dogon Dutsi

'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, kunyarki ma ba laifi ba ce. Kada ki ga baiken Inna: wadda ta ga yunwa da idonta dole ta cika kwano. Mijinki ne zai yi mata magana, ya kai ta wurin likitar ta ji da kunnenta. Ba ta so ta sake rasa wani, za ta saurara. A bar mata tuwon dare, ke da Kubra ku janye naku. Yaron ya riƙa zuwa lakkwal da ƙafa, da la'asar a sake shi ƙwallo. Ban da hora shi da yunwa, ban da yi masa ba'a.

Sai dai kin ce tukunya uku, ni huɗu na gani. Ta huɗun tana cikin jakarsa, ita ce kuma ba ki buƙatar izinin kowa kafin ki rufe. Na gane, abin da kunya ta hana ki faɗa ne kike faɗa da biskit. To ki sake hanya: gobe ki raka shi lakkwal da kanki. Sunansa aka hana ki kamawa, ba hannunsa ba.

Allah ya raya mana maigida, ya ƙara wa Inna lafiya.