Kwano Goma Sha Ɗaya

2 ga Yuli

Baban Jinu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya teku, yaya gwiwar nan taka? Ina fatan kana shafa man da na cusa maka a jaka, ba ka bari 'yan jirginku sun rabe shi kamar na bara ba. Jinu ya bugo daga barikin soja, ƙalau yake, sai ƙorafin abinci. Ni ma lafiya lau, ban da raina da ake ɓatawa a makarantar nan.

Ka san jarrabawar ƙasa ta 'yan aji shida, wadda ake jera makarantu daga ta ɗaya har ta kashin baya. To bara mu muka ɗauko kashin baya a gundumar nan, tun daga nan Hedimasta Pyo bai bar kowa ya sha ruwa ba. Ya soke wasanni, ya soke waƙa. Yara goma sha ɗaya kacal a ajin, ya tsare su da tsofaffin tambayoyi har rana ta faɗi. In sun zo cin abinci wasu da sandunan ci a hannu suke gyangyaɗi.

Ran Litinin ya leƙo kicin ya ce, "Madam Bang, makon jarrabawa kada in ga miyar miyeok, ganyen tekun nan. A yi tteok, wainar shinkafar nan mai danƙo, amsa ta liƙe musu a ka." Na ce to. Shekara goma sha tara ina girki a nan, wai shi zai koya mini ba a shan miya mai yauƙi ran jarrabawa kada yaro ya zame ya faɗi!

Ba ma wannan ya ƙona ni ba. Ka tuna Boreum, jikar tsohuwa Tak mai yankan miyeok a bakin gaɓa, wadda uwarta ta rasu tana 'yar shekara biyar? Lissafi ba ya shiga kanta, ita ce ta ƙarshe a ajin. Ranar haihuwarta ta faɗo daidai ran jarrabawa. Kai ma ka san ba mai tsallake miyar miyeok ranar haihuwarsa, balle marainiya da ke sha don tunawa da wadda ta haife ta. Sai Pyo ya sayi lemo kwali guda ya tafi gidan tsohuwar. Wai, "Kaka, ai yarinya ta zauna gida ta sha miyar uwarta a tsanake. In ta sha ta zo, zamewa za ta yi. Mu za mu rubuta ba ta da lafiya." Ka ji mugun dattijo? Ba tausayi ba ne, makinta yake so ya fitar daga lissafi don na makaranta ya hau.

Tsohuwar ta zo mini da ƙunshin miyeok tana tambaya ko alheri aka yi musu. Na karɓi ƙunshin na ajiye.

Ka kula da kanka, ka rage sigari.

Taka,
Sunrye

14 ga Yuli

Baban Jinu,

Ina gaishe ka, ina fatan iskar da aka faɗa a rediyo ba ta taɓa ku ba. Zauna da kyau ka karanta, matarka ta jawo magana.

Jiya aka yi jarrabawar. Ƙarfe takwas ina wanke shinkafa sai ga Boreum a ƙofar kicin, leɓe a bushe. Na ce, "Ke, me kika ci?" Ta ce, "Inna, ba komai. Kaka ta dafa, amma ban sha ba. In na sha an ce ba zan shiga ba." Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma za ta yi fushi da ni?"

Baban Jinu, sai na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Na tura mata tteok biyu na ce ta wuce aji. Pyo ya gan ta a baranda, fuskarsa ta canja, amma gaban malamai ba halin korar ta.

Na sauke tukunyar waken da na ɗora. Na jiƙa miyeok ɗin kakarta, na soya da man riɗi da naman shanu, na cika babbar tukunya. Na ce in zamewa ce, mu zame gaba ɗaya. Da rana, saura takardar lissafi, na zuba wa makarantar kaf. Yara suka yi tsuru-tsuru. Na buga ludayi a tukunya na ce, "Yau ranar Boreum ce. Wanda ya yi karatu, miya ba ta kayar da shi." Suka yi mata waƙa, suka sha, wasu har da ƙari. Ita kuwa zubi biyu ta tashi da shi tana share hanci.

Pyo ya shigo a fusace. "Madam Bang, kin san abin da kika yi?" Na ce, "Na sani, Hedimasta. Miya na yi. A zuba maka?"

Na rubuta a littafin kicin kamar kullum, tunda doka ce a rubuta abin da aka dafa da bakin da suka ci: aji shida, kwano goma sha ɗaya, miyar haihuwar Tak Boreum.

Kada ka yi mini faɗa, na san halina.

Taka,
Sunrye

19 ga Satumba

Baban Jinu,

Wasiƙarka ta iso, na gode, na ji gwiwa ta yi sauƙi. Ka ce in kama bakina. Ai ka makara.

Sakamako ya fito, mun hau daga kashin baya zuwa na takwas, Pyo har da rataya ƙyalle a ƙofar makaranta. Amma takarda goma aka raba. Boreum ta zauna har aka gama kiran suna. Ashe cire takardun amsarta ya yi, ya rubuta ba ta zo ba. Yarinyar da ta hana kanta miyar uwarta don ta zauna a kujerar nan! Kwana uku ba ta zo makaranta ba. Ta ce wa kakarta tunda ba a ƙirga da ita, zuwan me za ta yi.

Tsohuwa Tak ba ta iya karatu ba, amma ta iya hawa mota. Ta je ofishin ilimi ta zauna a ƙasa ta ce ba ta tashi. Aka ce za a turo mai bincike. Malamar ajin sabuwa ce, tsoro ya rufe mata baki, ban ga laifinta ba.

Shekaranjiya Pyo ya zo kicin, murya kamar zuma. Wai in gyara littafin kicin, kwano ya koma goma, kuskuren alƙalami ne. Wai ai a watan Fabrairu ake sabunta ma'aikatan kicin, kuma shi ke sa hannu. Na ce, "Hedimasta, ban yi zurfi a boko ba, amma ban taɓa ɓatan lissafin kwano ba. Ni na wanke su." Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, ya fita ya bar hularsa.

Jiya na miƙa wa mai binciken littafin hannu da hannu.

Taka,
Sunrye

27 ga Oktoba

Baban Jinu,

Ina gaisuwa. Sanyi ya fara, ka sa rigar ulun nan.

An samu takardun Boreum a ƙasan durowar Pyo, an duba su. Da aka haɗa makinta mun sauko na goma sha huɗu, an kwance ƙyalle. Shi gargaɗi kawai aka ba shi, yana nan daram a kujerarsa. Ni kuwa an sanar da ni daga Maris wani kamfani zai riƙa kawo abinci a mota. Wasu iyaye sun daina amsa gaisuwata a kasuwa, wai miyata ce ta ja makaranta ƙasa. Haushi kam ina ji.

Yau Boreum ta shigo kicin da takardarta cikin leda don kada ta jiƙe. Jarrabawar harshe ta tsallake da ƙyar, lissafi ta faɗi warwas. Ta ce, "Inna, miyar ce ta sa na zame?" Na ce, "Ƙarya ne, rabawa ce ba ki iya ba. Gobe ki zo mu raba tteok, ki koya." Ta yi dariya, ta ɗora yatsa a saman takardar ta ce, "Amma kin ga, sunana ne. Da inji aka buga."

Kakarta ta ce za ta liƙa ta kusa da hoton uwar.

In ka dawo a Maris za ka same ni a gida. Ka zo da yunwarka, ban iya girkin mutum biyu ba.

Matarka,
Sunrye