Mun Bar wa Gauraka Ciyawa, An Kewaye Mana Gona da Waya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ya sa hannu a takardar izinin gina kamfanin shinkafa a fadamar garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta talaka ga shugabansa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yaya fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Isuhu, tsohon malamin firamare, yanzu kuma manomi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ba zan faɗi sunan ƙauyen a nan ba, za ka ga dalili a gaba, kuma ai sunan yana cikin takardunku. Na yi ta zarya ofishinku har masinja ya san ni, yana ganina yake tambayar jikin tsohuwarmu, amma ban taɓa dacewa da ganinka ba. Kullum kana taro. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, ko wani zai karanta maka.

Ƙorafina shi ne an raba gidanmu da gonar gado da sunan kare gauraka, alhali a duk garin ba wanda ya kai mu kare ta. Ɗan yankin da ya rage mana kuwa, yau ina tsoron shi ma zai bi sahu.

Na ɗaya. Akwai wata ɗabi'a a garinmu da ba a rubuta ta a ko'ina ba, muna ce mata barin gauraka. Duk wanda gonarsa ta gangara zuwa fadama, ba ya sa garma a ƙasan gonar, inda ruwa ke kwanciya da damina. Yakan bar ciyawa ta yi tsayi a wurin, ba ya yanka, ba ya kora shanu ciki, har sai gauraki sun yi sheƙa sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun tashi. Ba tsafi ba ne, tausayi ne kawai ga halittar da ta zo ta fake da kai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa zane ni da yayana Sale a rana ɗaya saboda mun shiga leƙen ƙwai. Mahaifiyarmu Inna kuwa har yau in ta ji kukan gauraka da sassafe sai ta ce baƙinmu sun sauka.

Da aka kawo ruwan kanal, noman rani ya kankama, taƙi ɗaya na ƙasa ya zama abin faɗa. Mutane suka riƙa cin ciyawar nan kaɗan-kaɗan suna dasa tumatir da albasa. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Mu dai Inna ta hana. Maƙwabta har tsokanarmu suke yi, wai gidan su Isuhu sun yi wa tsuntsu wakafi. Gaurakin da muke gani garke-garke muna yara suka yi ta raguwa, har ya zama in an ga biyu a shekara sai a yi ta labari a majalisa. Waɗanda suka rage, a babban tafkin da ke yamma da gari suke sheƙa, su zo ƙasan gonarmu kiwo.

Na biyu. Shekarun baya kaɗan aka zo mana da labarin kamfani zai gina injin casar shinkafa da manyan ɗakunan ajiya. Wallahi mun yi murna, ni ma har da ni. Wanda ya taɓa kwana biyu a layi da buhunan shanshera yana jiran a cashe masa ba zai ƙi inji a ƙofar gidansa ba. Yaranmu da ke zaman kashe wando a bakin titi sun samu aikin dako da gadi. Don haka kada a ce maka Isuhu maƙiyin ci gaba ne.

Wurin da aka ba kamfanin shi ne tafkin nan na yamma, domin filin gari ne, ba na mutum ɗaya ba, ba wanda zai tsaya ya yi rigima a kansa. Tifofi suka yi ta zuba marmara har ya cike, katafila ta bi ta daddale. A taron da aka yi a ƙofar gidan dagaci, wani jami'inku ya yi mana bayani mai daɗi. Ya ce gauraka tana gab da ƙarewa a ƙasar nan, don haka ofishinku ya gindaya wa kamfanin sharaɗi: tunda ya cinye mazaunin tsuntsu, dole a keɓe wani fili a kusa a bar wa tsuntsun. Ya ce wannan shi ne adalci tsakanin kasuwanci da halittun Allah. Na tafa masa, ranka ya daɗe. Da hannuna na tafa.

Na uku. Da masu safiyo suka fito neman filin da za a keɓe, sai suka zaga gonakin bakin fadama duka. Ko'ina sharar fes, ko'ina kunya-kunya da tumatir. Wuri ɗaya ne suka tarar da doguwar ciyawa da bado da sawun tsuntsu a laka, wato ƙasan gonarmu. Suka ce wannan ne ya dace. Ciyawar kaɗai ba ta kai faɗin da takardarku ta nema ba, sai suka haɗa da shinkafar da ke samanta, suka ja igiya har kusan kashi uku cikin huɗu na gonar. A rubutunsu suka kira wurin filin da ba a amfani da shi.

Ba a amfani da shi! Gonar da ta aurar da mu, ta kai Inna Makka. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa da gangan muke barin ciyawar, sai ƙaramin cikinsu ya ce ai wannan ma ya ƙara tabbatar musu sun zaɓi daidai. Yaron bai yi ƙarya ba, kuma ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Maƙwabcinmu na gabas, wanda ya nome nasa barin tun da daɗewa, ko taƙi ba a taɓa masa ba.

Aka kafa turakun siminti, aka ja waya mai ƙaya, aka kafa allo da hoton gauraka da tuntunta, an zana ta ta fi ta gaske kyau. Maganar diyya kuwa, kamfani ya ce ku ne kuka zaɓi filin, ku kuma kun ce kamfani ne zai biya. Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, amma ka sani har yau muna tsakaninku.

Na huɗu. Da a ce tsuntsun ya amfana, da na haɗiye baƙin cikina na ce sadaka ce. To, ina roƙonka ka zo ka ga filin da idonka. Ruwan da ke kwanciya a ƙasan gonarmu daga tafkin yamma yake malalowa. Da aka cike tafkin, aka kuma gina katangar kamfani a kan hanyar ruwan, sai wurin ya bushe. Badon ya mutu, ciyawar fadama ta ƙone, ƙaya da tumfafiya suka maye. Damina biyu ke nan ko gauraka ɗaya ba ta sauka a cikin wayar nan ba. Akwai mai gadi, wani bawan Allah mutumin Filato, yana zaune ƙarƙashin allon da rediyonsa. Mukan gaisa. Ya taɓa tambayata ko tsuntsun da ke jikin allon da gaske akwai shi.

A takardarku, na tabbata, komai ya cika: an gina kamfani, an keɓe fili, an sa mai gadi. Ba wanda ya dawo bayan damina ya duba ko akwai ruwa a wurin.

Na biyar, kuma shi ne mafi muni. Mutanen garinmu ba wawaye ba ne, sun ga abin da ya same mu sun ɗauki darasi. Da aka ji raɗe-raɗin kamfanin zai faɗaɗa, kuma za a sake neman filin tsuntsu, sai kowa ya bazama. 'Yan tsirarun da ke da sauran ciyawa a ƙasan gonakinsu suka banka mata wuta. Yaran da ake aikawa korar jan-baki daga shinkafa, yanzu an ce musu in sun ga gauraka ita za su fara jifa. Dattijon da ya yi mana limanci shekara da shekaru, da kunnena na ji yana ce wa ɗansa: “Kada ka bari ta saba da gonar nan, ka ga yadda ta yi wa gidan su Isuhu.” Tsuntsun da ake yi wa marhabin ya koma abin da ke jawo wa mutum asara. Talauci bai kashe ɗabi'ar nan ba, kanal bai gama da ita ba, sai takardar da aka rubuta don kare tsuntsun ce ta ƙarasa ta. Ina faɗin wannan raina a ɓace.

Na shida. A ɗan yankin da aka bar mana akwai wani kwari inda ruwan kanal ke ɗiga ya taru. A daminar nan gauraki biyu, mace da namiji, sun zo sun yi sheƙa a ciki, don ba su da sauran inda za su. Na hango ƙwan daga nesa, suna karɓa-karɓa wajen kwanci. Iya sanina su kaɗai suka rage a wannan yanki. Dalilin da ya sa na ɓoye sunan ƙauyenmu ke nan, domin akwai masu bin 'ya'yan gauraka su kama su kai birni, a sayar wa masu kuɗi su yi ado da su a tsakar gida.

Yaya Sale yana so ya shiga da lauje ya share wurin, ya watsa sheƙar kafin labari ya kai ofishinku. Mutum ne mai iyali da yawa, kuma daga wannan yankin muke ci gaba ɗayanmu. Mun yi cacar baki irin wadda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Ya ce mini: “Kai Isuhu, boko ya cuce ka. Wancan karon tafi ka yi musu, wannan karon me za ka ba su, ɗakin Inna?” Gaskiya kuwa ya faɗa. Na dai roƙe shi ya dakata in rubuto maka. Ya ce ya ji, amma duk ranar da ya hango motar safiyo ta karyo kwanar garinmu, kafin su sauko ya gama aikinsa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

Kafin komai, a ba mu tabbaci a rubuce, da sa hannunka, ta hannun dagacinmu, cewa ba za a karɓe ƙasar kowa a garin nan don gauraka ta yi sheƙa a cikinta ba. A karanta shi a masallacin Juma'a kowa ya ji. Ina roƙonka, takardar ta riga mota zuwa.

A tilasta wa kamfanin ya buɗe hanyar ruwan da ya toshe, ko da kwalbati ne a ƙarƙashin katangarsa. In ruwa ya dawo, a cire wayar, a mayar mana da gonarmu, mu ci gaba da noma samanta muna barin ƙasanta kamar yadda muka gada. Ba ma buƙatar mai gadi, a ba bawan Allahn nan wani aikin a cikin kamfani.

Nan gaba kuma, duk lokacin da za ku ba da izini irin wannan, wanda ya ci tafki shi zai nemo madadinsa daga jikinsa, ba daga gonar maƙwabci ba. A zo duba wuri da damina, a zauna da masu gonakin kafin a ja igiya, sannan a dawo bayan shekara a ga ko tsuntsun ya yarda da abin da aka rubuta.

Ba ni da lokaci mai yawa, kuma wadda nake dogara da ita a gida ta fara sakina. Duk rigimar nan Inna ce ke riƙe da Yaya, don ba ya tsallake maganarta. Jiya da hantsi na kai mata fura, na tarar da shi zaune a bakin ƙofarta. Ita kuma tana jan carbi. Can sai ta ce wa Yaya, ba tare da ta dubi ɗayanmu ba: “Babba, in ka ga motarsu, ka yi abin da za ka yi. Amma kada ka zo ka faɗa mini.”

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya sa amsarka ta iso garinmu kafin motarku.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Isuhu, manomi,
daga bakin fadama, tsakanin Kura da Bunkure.