Sun Mayar Da Ni Marainiya Alhali Babana Yana Raye

Inna Ramlatu, don Allah ki agaza min da shawara. Kowa taya ni murna yake yi, ni kuwa na rasa inda zan tsoma raina.

Shekaruna sha tara, a Makka aka haife ni, a Tandabawi muke zaune. Akwai wata ƙungiyar matan unguwanninmu da ke shirya gasar 'yan mata duk shekara: karatun Alƙur'ani, jawabi da Larabci da Hausa, da tambayoyin ilimi. Wadda ta ci za a ɗora mata kambi, a ɗauki nauyin karatunta na jami'a, ita kuma ta wakilci ƙungiyar tsawon shekara. Bana ni na ci. Harhaɗa magunguna nake son karantawa, kuma ba don wannan gasa ba, ban ga ta inda zan bi ba.

Ƙarshen makon jiya aka yi zagayen nuna ni ga jama'a. Ranar Alhamis aka yi walima a wani zauren biki a Kudai, mata maƙil, ana ta guɗa da turaren wuta. Shugabar ƙungiyar, Abla Haifa, ta riƙo hannuna zuwa kan dandamali ta ba da labarina. Ta ce mahaifiyata tana sayar da masa da balila, wato dafaffen waken Larabawa, kusa da tashar motoci, wannan gaskiya ne. Sai ta ƙara da cewa ita kaɗai ta rene mu, "babu uba a tsaye." Ba ta ce ya rasu ba, amma haka kowa ya ɗauka.

Inna, babana yana nan da ransa. Ya daɗe yana tuƙa motar alhazai kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Shi ya gyara min jawabin Hausar da na ci gasar da shi, yana kwance, da bakinsa da ya karkace.

Da na sauko, mata suka yi ta rungume ni suna cewa Allah ya ji ƙan mahaifina. Ga kambi a kan mayafina, ga wayoyi a fuskata, sai na ji bakina ya ce amin. Tun daga nan na kasa gyarawa. Ranar Juma'a aka kai ni cin abinci gidan wata Hajiya mai hali a Jarwal, ta sa min warwaron zinariya a hannu tana hawaye, tana faɗin ladan mai kula da maraya. Asabar kuma kasuwar baje kolin wata makarantar 'yan mata, na yanke ƙyallen buɗe taro, na ɗanɗana abincin kowane tebur, na yi murmushi har kumatuna suka yi tsami.

A mota na yi ƙarfin hali na yi wa Abla Haifa magana. Ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, kuma gudummawar da aka samu bana za ta ɗauki nauyin wasu 'yan matan ma, kada in ɓata rawata da tsalle. Ta ce in kambin ya yi min nauyi, Afnan da ta zo ta biyu tana nan.

Ummana ta ce in yi shiru, shekara kwana ce. Yayana Taha ya ce in mayar musu da kayansu. Baba bai san komai ba. Kullum sai ya ce in nuna masa bidiyon walimar, ina kawo masa uzuri. Yanzu Hajiyar Jarwal ta ce za ta zo ranar Juma'a mai zuwa ta ga gidanmu, Abla Haifa kuma ta aiko wai ko za a kai Baba gidan ƙaninsa ya huta da hayaniya. In na ƙi, karatuna. In na yarda, ubana. Yaya zan yi?

Mai kambi, Tandabawi

*

'Yata, barka da nasara. Da karatunki da bakinki kika ci gasar nan tun kafin a yi maganar maraici, ki riƙe wannan da kyau.

Ban ɗauki Abla Haifa muguwa ba. Mai neman taimako wa 'ya'yan mutane takan ƙara wa miya gishiri, kuma 'yan matan da take faɗa suna nan da gaske. Ummanki ma tsoro ne ya sa ta ce ki yi shiru, ta san wahalar da ta sha. Amma maganar da aka yi don a fahimci abin da ba shi ne ba, ƙanwar ƙarya ce. Kuma Makka ba ta ɓoye irin wannan, ko yau wani tsohon abokin tuƙin babanki zai iya jin labarin.

Kada ki mayar da kambi cikin fushi kamar yadda Taha yake so. Ki fara da Baba. Ki zauna kusa da shi ki faɗa masa komai da bakinki, kafin ya ji a waje. Amin ɗin nan na ruɗewa ne, ki yi istigfari ki wuce.

Sannan ku je ke da Ummanki ku sami Abla Haifa ita kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ku gode mata, ku ce Baba ba zai bar gidansa ba, ku ba ta dama ta kira Hajiya da kanta ta ce an yi wa maganarta gurguwar fahimta. In ta ƙi, ke ki kira. Warwaron ma ki miƙa wa Hajiya, don da sunan marainiya ta ba ki. In ta ce ki riƙe bayan ta san gaskiya, ya zama halalinki.

Ba zan ce miki babu haɗari ba, suna iya janye tallafin. Ina dai ganin da wuya, domin ƙungiyar ce za ta fi jin kunyar bayyana dalili. Ko da hakan ta faru, ɗaliba irinki ba ƙofa ɗaya gare ta ba, ki fara tambayar malamanki tun yanzu.

Ranar Juma'a ki sa wa Baba farar rigarsa, ki fesa masa turare, ku jingina shi a ɗakin baƙi. Gidansa ne, shi zai yi wa Hajiya maraba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa ya ga ranar da za ki gama jami'a.

Inna Ramlatu