Tsamiyar Baba Arzika Ta Tsira

Daren Laraba, Illo

Ƙafafuna ciwo suke, amma zuciyata fari ƙal. Da hantsi Sabi, abokin aikina na gandun daji daga ɓangaren Benin, ya kira ni, wai in yi maza. Baba Arzika na ƙauyen bakin iyaka ya ɗauko mai injin yanka zai sare tsamiyar gidansa, wadda shamuwa ke sheƙa a kai duk damina. Tun bara ni da Sabi muke lura da sheƙunan nan tare.

Na tarar tsohon ya cika fam. Ya ce, "Ɗana, mi za ni yi? Bara kashinsu ya ɓata muna shanya, gero duk ya lalace."

Na fara dogon bayanin nisan tafiyar tsuntsayen, ko kallona bai yi ba. Sabi kuwa ya durƙusa, ya juya harshe zuwa Dandanci, yaren mutanen yankin, ya tambaye shi wa ke gaya masa lokacin shuka. Baba ya ce shamuwa, tun zamanin mahaifinsa.

Ƙarshe dai mu biyu muka kafa wa iyalinsa rumfar shanya bayan gida, nesa da tsamiyar. Hannuna duk ƙaya. Inna, matar Baba, ta dama mana fura, mai inji ya sha tasa ya tafi, bai taɓa tsamiyar ba.

Da za mu rabu Baba ya ce, "To, ku gaya ma baƙinku su zo da ruwa da wuri bana." Har yanzu dariya nake.