Muryar Lamba Arba'in da Bakwai

Goggo, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Juma'a, kaina ya ɗaure.

Ina aiki a wata cibiya mai bincike kan dokokin ƙasa da ƙasa. Ni ba lauya ba ce, aikina in saurari muryoyin da aka naɗo in mayar da su rubutu. Bana muna haɗa rahoto kan iyalan da wata tsohuwar yarjejeniyar iyaka ta raba, lokacin da aka ja layi a tsakiyar kogi, aka wayi gari wasu suna nan wasu suna can. Da yawansu har yau ba su da takardar kowace ƙasa, shi ya sa ba ma rubuta sunan kowa, lamba ake ba su. Takardar sunayen tana cikin akwatin ƙarfen shugabar sashenmu, kuma duk mun sa hannu ba za mu taɓa ta ba. Da an miƙa rahoto sai a goge muryoyin.

Makon jiya da rana tsaka ina ɗakin sauraro, ɗan ɗakin da ba shi da taga, na kunna lamba arba'in da bakwai. Wata tsohuwa ce. Kafin ta yi magana sai ta yi gyaran murya sau biyu, sak irin na Babana. Ta ce ranar da aka rufe kogi ta sa ɗanta mai shekara bakwai a kwalekwale tare da maƙwabcinsu, ta rataya masa makullin gida a wuya da jan zare, ta ce ya yi gaba tana tafe a jirgi na gaba. Jirgi bai sake tashi ba.

Goggo, a akwatin Babana akwai makulli mai jan zare. Tun muna yara muke tsokanarsa da mai makullin gidan da babu ƙofa. Shi abin da aka faɗa masa, mahaifiyarsa ruwa ya ci ta.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Bayan ma'aikacinmu mai yi mata tambayoyin ya yi godiya, na ji ƙarar jan kujera, sai muryar ta matso kamar a cikin kunnena, ta ce wadda za ta rubuta wannan ta gaya wa yaron nan nata ruwa bai ci ta ba, kuma ba ta canja kwaɗon gidan ba. Wadda, Goggo, ba wanda ba. Mai tambayoyin ya rantse bai ji haka ba. Abokiyar aikina ta saurari wurin sau uku, ta ce ita ƙarar fanka kawai take ji.

Na san inda shugaba take ajiye makullin akwatin ƙarfen. Juma'a za a goge. Wallahi tsoro nake ji, kuma ban faɗa wa Baba ba. In buɗe?

Mai Sauraro

Amsar Goggo

'Yata, ki natsu. Ban san me kika ji a ƙarshen nan ba, kuma ba zan ce miki ƙarya kike ba. Mai zama ita kaɗai tana sauraron kukan mutane wata da watanni, kunnenta kan ji abin da zuciyarta ke nema. Amma jan zaren nan ba kunnenki ya saƙa shi ba, yana cikin hirar da kowa ya ji.

Kada ki buɗe akwatin. Na san jini ke jan ki, wa zai ji kakarsa tana raye ya zauna? Sai dai takardar ba sunan mutum ɗaya ke cikinta ba, kuma tsohuwar nan ta saki baki ne don an yi mata alkawarin rufin asiri. In ba kakarki ba ce, kin ci amanar baiwar Allah a banza. In ita ce, da cin amana kika fara gaishe ta.

Gobe da safe ki sami shugabarku ki faɗa mata komai, ki roƙa a ɗage goge wannan murya guda. Dokarku ta hana ki zuwa wurin tsohuwar, ba ta hana a tambaye ta ko tana so a zo ba. Mai tambayoyin ya san gidanta, shi zai koma. Babanki kuwa kada ki ɗaga masa hankali tukuna, ya riga ya yi makokinta sau ɗaya. Ki dai lallaɓa ki aro makullin nasa mai jan zare, ke da kika saba tsokanarsa a kai.

Kin ce ta ce ba ta canja kwaɗon ba. To, a kai makullin a gwada.

Allah ya sa ya buɗe, ya kuma sanyaya miki zuciya.